Takardar Shekarar da Na Karanta wa Baba

Litinin, 8 ga Janairu, 6:40 na safe

Ta iso. Jiya da yamma ofishin dillalinmu suka turo ta ta waya: takardar ƙarshen shekara, mai nuna abin da hannun jarinmu ya yi daga Janairu zuwa Disamba. Shafi huɗu. Na ga sunanta a saman saƙonni, na kife wayar a kan firji, na ci gaba da gugar kayan makarantar Auta.

Ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki.

Littafin nan bara na saye shi don rubuta farashi duk mako. Tun Oktoba na daina. Yau na juyo shi ta baya.

Litinin, 1:15 na rana

Ina ɗakin gwaji, lokacin hutu. Jinin mutum ashirin da shida na gwada tun safe, ban yi kuskure ba ko sau ɗaya. Hannu dai aikinsa yake yi, ba ruwansa da halin da mai shi ke ciki.

Doguwa, wadda muke tebur ɗaya da ita shekara takwas, ta shigo tana cire safar hannu ta ce, "Uwar Jari, batirin nan namu dai ya mutu murus, ko caji ba ya ɗauka." Kamfanin haɗa batir take nufi. Ni na ba ta shawara ta saya. Ta ce ita kuɗin takalmi biyu kawai ta sa, don haka bana da tsohon takalmi za a gan ta. Ta yi dariya, sannan ta ce, "Ke fa, nawa kika sa?"

Na ce, "Ni ma kaɗan."

Talata, 9 ga Janairu, 5:50 na yamma

Baba ya kira. "Uwata, Asabar fa. Na sa an wanke kofunan baƙi."

Na ce ina sane.

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi a gidan waya yana rarraba wasiƙu. Duk ƙarshen wata sai ya gutsiri albashi ya sayi hannun jari, kaɗan kaɗan: kamfanin siminti, kamfanin sabulu, kamfanin fulawa. Muna yara muna jin haushi, don abokanmu ana saya musu keke mu ana nuna mana takarda mai tambari. Shi ya koya mini karanta shafin farashi a jarida ina aji biyar. Da na fara aiki na buɗe nawa.

Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, ya ce a haɗa nasa da nawa a asusu ɗaya, ni in riƙa lura. Yaya ya ce a bar abin tsoho inda yake. Baba ya ce masa, "Kai injin mota ka sani, ita lamba ta sani." Na ji daɗin maganar nan. Har na maimaita ta a wurin aiki.

Tun daga lokacin, duk Asabar ta biyu a Janairu nakan je in karanta masa takardar shekara, yana shan shayi yana gyaɗa kai.

Saura kwana huɗu.

Laraba, 10 ga Janairu, 6:30 na safe

Ban buɗe ba.

Alhamis, 11 ga Janairu, 12:50 na rana

Na buɗe. A banɗakin ma'aikata, a tsaye, na jingina da ƙofa.

A ƙasan shafin farko akwai lamba, da ɗan gajeren layi kwance a gabanta. Ba zan rubuta ta ba. Na dube ta har fuskar wayar ta dushe, na taɓa, ta dawo, tana nan yadda take.

Ba wanda ya yaudare ni, wannan nake so in rubuta tun kafin zuciyata ta fara neman wanda za ta ɗora wa. A watan Maris na sayar da siminti. Na sayar da sabulu. Na gaji da su ne, shekara da shekaru suna tafiyar hawainiya, ga batir kowa na maganarsa. Na zuba kuɗin duka a batir. Dillalinmu, wanda nake ce wa Mai Taye, har ya ce, "Madam, kashi biyu cikin uku wuri guda? Ki rage." Na ce masa na yi nazarina. Nazarin nan bidiyo uku ne da hirar wata mata a motar haya.

A Mayu ya hau. Ya hau sosai. Na tuna na tsaya gaban wani shagon motoci ina tambayar farashi, har mai shagon ya kawo mini kujera. A Oktoba aka dakatar da cinikinsa. A Disamba aka buɗe, sai ga abin da ya saura.

Baba bai san na taɓa siminti ba.

Juma'a, 12 ga Janairu, 6:20 na yamma

Maigida ya kurɓi shayi ya ce, "Yau sukarin ma an sa shi a hannun jari ne?" Na manta ban zuba ba. Auta ta yi ta dariya. Ni ma na yi.

A mota ina dawowa na tsara yadda zan faɗa wa Baba. Zan ce, "Baba, kafin in karanta, akwai magana." Na maimaita ya fi sau goma. Kalma shida ce kawai. Gobe.

Asabar, 13 ga Janairu, 4:30 na yamma

Na dawo. Ban cire takalmi ba tukuna.

Na same shi a kujerarsa ta bakin taga, ya sa farar rigarsa mai aljihu biyu, ya kashe rediyo. Akwatin ƙarfen da yake ajiye tsofaffin takardun jarinsa na kan cinyarsa. A cikin murfin akwatin yake rubuta sakamakon kowace shekara da baƙin alƙalami mai kauri, lamba ɗaya tak. Layin farko ƙanana ne, tsaf tsaf. Na shekarun nan manya ne, a karkace, don lalube yake yi.

Na zuba shayi. Na buɗe baki in faɗi kalmomina shida, sai ya ce, "Likita ya sa ranar aikin idon, ɗaya ga wata mai zuwa. Ƙila wannan ce ta ƙarshe da za ki wahala da karanta mini. To bisimilla, ina ji."

Na ciro waya. Takardun biyu suna jere, ta bara da ta bana. Yatsana ya taɓa ta bara. Ba zan ce kuskure ba ne.

Na karanta. Murya lafiya lau, har da tsayawa inda ya kamata a tsaya. Ya ce, "Siminti fa?" Na ce yana nan, ya ɗan hau. Ya ce, "Ai siminti ba ya gudu, ba ya rawa." Ya ce, "Sabulu?" Na ce shi ma. Ya ce, "Muddin mutane na datti, ba ma asara." Ya yi dariya har da tari.

Da na zo jimilla na ce kashi sha huɗu cikin ɗari, sai ya karkata kai. "Sha huɗu kuma? Bara ma ai sha huɗu ne." A nan Allah ya buɗe mini ƙofa. Da na ce, "Baba, tsaya," da shi ke nan. Sai na ji bakina ya ce, "A'a, na duba ba daidai ba. Sha biyu ne."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Sha biyu ma ai ba wasa ba ne." Ya lalubi murfin akwatin ya rubuta. Ni na riƙe masa murfin don kada ya motsa.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in kira masa Yaya in buɗe muryar wayar mu ji tare. Yaya na garejinsa, ana jin ƙarar guduma. Baba ya ce, "Kuɗin aikin idon nan da ka ce za ka turo, bar abinka. Jarina zai biya. Ƙanwarka ta sake yi." Yaya ya ce, "Iye! To Allah ya ƙara albarka, Uwar Jari."

Ranar ashirin da shida ce ƙarshen biyan kuɗin asibiti.

Da zan tafi ya ce in ɗauki ragowar biskit in kai wa Auta. Yana cikin jakata. Ban ba ta ba.

Lahadi, 14 ga Janairu, 10:00 na safe

Sha biyu. Da bakina.

Talata, 16 ga Janairu, 2:40 na rana

Na nemi izinin awa ɗaya na je ofishin dillali. Hawa na uku, lif ya lalace, na hau da ƙafa. Da can ina shiga nake ɗaga murya ina gaisawa da kowa. Yau na zauna a kujerar kusa da tulun ruwa har aka kira ni.

Mai Taye bai ce "ai na faɗa miki" ba. Da ya faɗa da na samu abin jin haushi. Ruwa ya ba ni, ya juyo mini da kwamfutarsa. Siminti da sabulu su ne masu raba riba mai kauri duk shekara, kuma da ita Baba ke ƙirga biyan asibiti. Yanzu babu su, babu ribarsu. Batir ba mai saye. Abin da ya rage da rai fulawar Baba ce, da ɗan kamfanin wayar da na saya da kaina. In na sayar da su duka, za su biya aikin, ɗan abu ya saura.

Na ce, "Wai me ya faru da kamfanin nan ne?"

Ya ce, "Ana bincike, Madam." Ya gyara tayensa. "Mu ma abin da muka sani ke nan."

Ya ce in ina so ya sayar yau, sa hannuna kawai ake buƙata. Na riƙe biro. In na sa hannu, a biya asibiti, Baba ya warke, ya buɗe ido ya nemi takardarsa. Sai me?

Na ce zan yi tunani. Na sauko da biron mutane a hannuna, sai a titi na lura.

Laraba, 17 ga Janairu, 1:05 na rana

Na liƙa sunan wani a kwalbar jinin wata. Doguwa ce ta gani kafin a sa a na'ura. Ta ɓare takardar ta gyara ba ta ce wa kowa komai ba. Sai da muka fito wanke hannu ta ce, "Shekara takwas ban taɓa ganin kin yi wannan ba. Lafiya?"

Na ce ciwon kai.

Da ba ta gani ba, da an ba wani mutum sakamakon da ba nasa ba, ya tafi gida ya yarda, don mu muka faɗa.

Alhamis, 18 ga Janairu, 6:15 na safe

Saura kwana takwas. Ban sa hannu ba. Ban faɗa ba. Ban yi komai ba.

Juma'a, 19 ga Janairu, 7:10 na yamma

Na gaya wa maigida. Ba jarumta ba ce. Ya shigo kicin ya same ni tsaye, famfo na zuba a kan tukunyar da ta riga ta cika. Ya kashe famfon ya ce, "Sati biyu ke nan kina nan ba kya nan. Zauna."

Na miƙa masa wayar. Shi malamin makaranta ne, a hankali yake karatu, kamar yana duba jarrabawa. Ya kai ƙasan shafin ya dawo sama. Ya ce, "To. Kuɗi ne. Baba ya sani?"

Na ce, "Ta bara na karanta masa."

Ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Na kuma canza lambar."

Ya ajiye wayar a hankali, ya fita tsakar gida. Ina jin sa yana wanke babur ɗin da ya wanke da safe. Da ya dawo hannunsa jiƙe ya ce yana da ajiyar da za ta kai rabin kuɗin asibitin. Zuciyata har ta fara sauka. Sai ya ce, "Amma ba zan ba ki ki toshe wannan da su ba. Ranar da kika faɗa masa, kuɗin na Baba ne."

Na ce, "Ciwon zuciya zai kama shi."

Ya ce, "Shi kike tsoro wa, ko ke?"

Na ji haushinsa ƙwarai. Har yanzu ina ji.

Asabar, 20 ga Janairu, 5:00 na yamma

Na je da niyya, wallahi da niyya na je. Na tarar da baƙo: Mai Keke, tsohon abokin aikinsa na gidan waya. Ina sallama Baba ya ce, "Yawwa, ga ta nan. Sha biyu, malam! A wannan shekarar da kowa ke kuka."

Mai Keke ya ce yana da ɗan abin sallamarsa ajiye a banki, ko zan duba masa inda zai sa. Baba ya ce, "Ba ta kawai ka je ka yi barci."

Na ce kasuwa ba ta da kyau yanzu, ya bar kuɗinsa inda suke. Baba ya ce, "Ka ji ko? Ba ta da rawar kai." Na shiga kicin na wanke kofunan da ba a sha komai da su ba.

Har baƙon ya tafi ban faɗa ba. Na ce ai ba a faɗa wa mutum irin wannan yana cikin farin ciki. Makon jiya kuma cewa na yi ba a faɗa masa yana shirin asibiti. Kullum ina da dalili mai kyau.

Litinin, 22 ga Janairu, 6:35 na safe

Maigida na gaishe ni, ina gaishe shi. Auta ta ce, "Mama, ku biyu kun yi faɗa ne?" Muka ce a'a tare.

Talata, 23 ga Janairu, 1:20 na rana

Kira biyu.

Asibiti: tuni ne, Juma'a ƙarfe biyu suke rufe karɓar kuɗi, in ba haka ba a ba wani ranar.

Sai Yaya. Murna fal bakinsa. Kuɗin da ya ware don idon Baba ya ƙara a kan abin da ke hannunsa ya sayi injin ɗaga mota, wanda ya shekara huɗu yana mafarki. Ya ce, "An kafa shi jiya. Na daina kwanciya a ƙarƙashin mota kamar ƙadangare. Ƙanwata, na yi miki gardama a baya, na janye. Kin fitar da mu kunya."

Na ce Allah ya sa albarka.

Na zaci ƙaryar tana zaune wuri ɗaya tana jirana. Ashe tafiya take yi, har ta kai wani gari ta sayi inji.

Laraba, 24 ga Janairu, 6:45 na yamma

Daga aiki kai tsaye na wuce. Ban tsara komai ba wannan karon.

Ya ji takuna ya ce, "Uwata? Yau ba Asabar ba." Na durƙusa a gaban kujerarsa. Na ce, "Baba, takardar da na karanta maka ba ta bana ba ce."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

Na faɗa duka. Maris, Mayu, Oktoba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Karanta mini ta bana. Daga sama."

Na karanta. Wannan karon muryata ba ta yi kyau ba.

"Siminti?"

"Na sayar, Baba."

"Duka?"

"Duka."

"Sabulu?"

"Na sayar."

Ya ce, "Watan da aka haife ki na fara sayen sabulun nan. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta ce in sayo gadon jariri, na dawo da takarda. Kwana uku ba ta yi mini magana ba." Ya ɗan murmusa, ba da ni ba. "Fulawa?"

"Tana nan."

"To. Jimilla."

Na faɗa masa. Faɗuwa, kashi sittin da ɗaya cikin ɗari. Ga shi na rubuta.

Ya maimaita a hankali, kamar mai karanta adireshi a bayan ambulan. Sannan ya ce in miƙo akwatin. Ya buɗe murfin ya ba ni alƙalamin. "Soke wancan. Rubuta na gaskiya. Ki sa masa layinsa a gaba." Na soke sha biyun da ya rubuta da hannunsa, na rubuta nawa a gefe. Hawaye na ɗiga a kan ƙarfen, ina gogewa da gefen mayafi.

Na ce, "Baba, zan mayar maka, ko shekara nawa zai ɗauka."

Ya ce, "Kuɗi na ba ki ki juya. Abin da ake juyawa yana iya zubewa, na san wannan tun ba a haife ki ba. Ni ma na taɓa sayen kamfanin ashana ya ƙone ƙurmus." Ya rufe akwatin. "Amma ranar Asabar ɗin nan ba kuɗi na ba ki ba. Idona na ba ki."

Na ajiye alƙalamin a kan akwatin.

Ya ce kada a taɓa fulawa. Ya ce Yaya ni zan kira da kaina, ba shi ba. Ya ce in je, Auta na jira. Ya kunna rediyonsa tun ban kai ƙofa ba.

Alhamis, 25 ga Janairu, 12:40 na rana

Na kira Yaya daga bayan ɗakin gwaji, wajen da ake ajiye tulunan iskar gas.

Ya yi ihu. Ya ce ai ya faɗa, a gaban kowa ya faɗa. Ya ce wa ya aike ni. Ya ce tsoho ya yi shekara talatin yana tara abu da cokali na zo na kwashe da shebur. Na bar shi ya gama, duk gaskiya ne. Sai ya ce, "Ke, wai da gaske kika zauna gaban makaho kika karanta masa ƙarya?"

Na ce eh.

Ya ce, "Ban san ki ba," ya kashe.

Bayan minti arba'in saƙo ya shigo: "Nawa asibitin suka ce?"

Juma'a, 26 ga Janairu, 3:10 na rana

An biya, saura minti ashirin su rufe. Maigida ya kawo rabinsa kamar yadda ya ce, bai ƙara ko kalma ba, shi ya bi layi ma. Na sayar da ɗan kamfanin wayata. Ragowar Yaya ya turo. Matarsa ce ta gaya mini tsohuwar motar da yake gyarawa don kansa ya sayar, da araha, don sauri.

Na kira Baba in gaya masa. Ya ce, "Madalla. An gode." Ya ce, "Sai anjima."

Bai ce Uwata ba.

Litinin, 29 ga Janairu, 1:10 na rana

Na gaya wa Doguwa ba kaɗan na sa ba. Na ce kuma ta yafe mini takalmanta biyu. Ta dube ni ta dube ni, ta ce, "Shi ya sa kika koma kamar allurar ɗinki." Ta raba burodinta biyu ta tura mini rabi. Ta ce, "Daga yau na sauke ki daga Uwar Jari. Kin koma 'yar uwarmu talaka. Ci."

Na ci. Rabon da in ji ɗanɗanon abu na manta.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, 4:50 na yamma

An yi aikin, idon dama. Likita ya ce lafiya lau.

Da safe ma'aikaciyar jinya ta kawo takardar amincewa ta ce wani ya karanta masa kafin ya sa hannu. Ni ce kusa, har na miƙa hannu. Baba ya ce, "Ba yayanta."

Yaya bai iya karatu da sauri ba. Ya yi ta tuntuɓe a kan kalmomin likita, kalmomin da nake faɗa kullum a wurin aiki. Na tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan Baba a hannu, ina jin kowace kafin ya kai gare ta. Ban gyara masa ko ɗaya ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu, 11:30 na safe

Ni ke ɗiga masa magani, sau huɗu a rana, na ɗauki hutun mako guda. Yana ɗaga kai ya buɗe idon ya bar ni. Yana cewa sannu. Muna maganar ruwan famfo da kuɗin wuta.

Da aka cire bandejin jiya, ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kin rame." Shi ke nan.

Laraba, 7 ga Fabrairu, 5:30 na yamma

Mai Keke ya zo dubiya. Ina kicin na ji ya sake tayar da maganar kuɗin sallamarsa. Na tsaya cak da buta a hannu. Baba ya ce, "Bana mun faɗi, malam. Lambar da na gaya maka ba daidai ba ce. Bar kuɗinka a banki."

Mai Keke ya ce, "Ashsha! Garin yaya?"

Baba ya ce, "Kasuwa."

Bai ƙara ba. Na daɗe kafin in iya fitowa da shayin.

Asabar, 17 ga Fabrairu, 5:15 na yamma

Shekaranjiya aka ba shi tabarau. Jiya ya kira ya ce in bugo masa takardar a kan farar takarda, da manyan baƙaƙe. Na buga a shagon kusa da wurin aiki, shafi huɗun suka zama tara.

Ya zauna bakin taga ya shimfiɗa su a cinya. Rabonsa da karanta abu da kansa shekara uku. Yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Na zauna a tabarma ina kallon yatsan yana gangarowa, yana wuce inda siminti ya kamata ya kasance. Bai tsaya ba. Ya kai kan batir ya daɗe. Ya ce, "Sunan ma bai yi kama da na abin arziki ba." Na ce eh.

A shafin fulawa ya tsaya, ya matso da takardar, ya nisanta ta. Ya ce, "Tawadar nan ta cakuɗe. Wannan ta ƙarshen, tara ce ko huɗu?"

Na leƙa. Na ce, "Tara ce, Baba."

Ya ce, "Uhm."

Ya gyara tabarau, ya karkata takardar wajen hasken taga, ya kai ta dab da idonsa mai lafiya. Ya duba da kansa. Ya daɗe yana dubawa, ni kuma ina zaune ina jira.

Ya ce, "Tara ce."

Ya juya shafi.